Wai mai keke baƙo ne a kan kwalta tunda ba ya sabunta takardu?

Malam Na-Ɗorayi ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni, kuma wanda ya san yadda kuɗin gwamnati ke shiga da fita nake so ya amsa mini. Masu cewa in yi haƙuri su huta, haƙurin ina da shi.

Ni malamin sakandare ne a nan Kano, albashin jiha nake ɗauka. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayun 2023, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 kafin mu farga, na jingine mashin ɗina a soro na sayi keke ɗan gwanjo mai giya. Daga Ɗorayi nake fitowa in hau titin BUK, wato na Jami'ar Bayero, in bi gefen badala ta Gadon Ƙaya da Ƙofar Na'isa har wajen Ɗan Agundi. Da sassafe tafiyar daɗi gare ta. Dawowar ce aiki, ga rana ga cunkoso, ga 'yan adaidaita sahu da ke yanko gabanka su ci birki saboda wani ya ɗaga musu yatsa.

Wanda ke bin hanyar nan ya san yashin da ke taruwa a bakin titi, musamman bayan ruwa. Tayar mota ba ta jin sa, amma siririyar tayar keke tana shiga sai ta ɗauke ka. Dole ka ɗan matso ciki. To makon jiya na matso ciki, sai wani bawan Allah a cikin jif ya danna mini hon kamar zai tsaga kunnena, ya sauke gilashi ya ce, "Malam sauka mana daga titi! Ka san nawa na biya kafin in hau shi?" Ya ja gilashinsa ya wuce.

Ban ji zafin wannan ba kamar yadda na ji da na ba da labarin a ofis. Abokin aikina, wanda muke cin ƙosai a takarda ɗaya, mai wata tsohuwar Golf da sai an tura take tashi, ya ce wai mutumin gaskiya ya faɗa mini. Shi kowace shekara yana sabunta takardun mota, yana biyan inshora, yana biyan kuɗin shaidar lafiyar mota, ga lasisin tuƙi. Ni kuwa ko sisi. Saboda haka alfarma ake yi mini. Da na ce masa ai ko ba komai ni ba na busa wa kowa hayaƙi, sai ya ce wannan ma tatsuniya ce: mai keke ya fi kowa haki, ya fi kowa cin tuwo, tuwon kuma da taki da injin niƙa da mota aka kawo shi, don haka in an lissafa duk ɗaya ne.

Ni abin da na sani shi ne kafin albashi ya shigo wayata an riga an yanke haraji, ba a taɓa tambayata ko ina da mota ba. Katin waya ma in na saya akwai harajin kaya a kansa. To kuɗin takardun mota da gaske da shi ake zuba kwalta? In da shi ne, in sani, in riƙa raɓewa ina ba masu titi hanya. Maganar hakin nan kuma, akwai ƙamshin gaskiya a cikinta ko shaguɓe ne kawai?

Sale Mai Bas ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Malam, da girmanka, amma mutumin jif bai yi ƙarya ba, rashin iya magana ne kawai ya yi.

Ni bas nake ja, Kano zuwa Gumel. Kafin tayata ta taɓa kwalta da safe na biya kuɗin tasha, na biya na ƙungiya, na yanki tikitin kuɗin shiga, na sallami ɗan kamasho. A hanya kuma kowa ya san abin da ake yi, ba sai na faɗa ba. Inshorar nan da ake kira ta dole, naira 5,000 ce ta ƙananan motoci da, daga farkon 2023 ta koma 15,000, ta motar haya ta fi haka. Duk wannan kafin in haɗa balas ɗin mai mota. Kai kuwa ka ɗaura jaka a kariya ka hau, babu mai tsayar da kai ya ce ina takarda. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi, mu ne kurar.

Sannan ku masu keke ku riƙa faɗin naku laifin. Kai malami ne, wataƙila kana kiyayewa. Amma fito titin Haɗeja bayan Magariba ka gani. Yaro a kan keke, babu fitila, babu ko ɗan jan abin nan mai ƙyalli a baya, ga baƙar riga, kuma ya biyo hannun da ba nasa ba. Danja ta tsayar da kowa, shi ya sulale ta tsakiya. In tsautsayi ya faɗa, jama'a ba za su tambayi wa ke da gaskiya ba, babbar mota ce mai laifi, direba ne zai kwana a bayan kanta, shi ne zai biya kuɗin asibiti. Keke ba shi da lamba, in ya goge maka fenti ko ya karya maka madubi ya shige lungu shi ke nan.

Batun hayaƙi kuma bar shi. Mutanen da nake ɗauka daga Gumel su zo asibiti ko Kantin Kwari, a kan keke za su zo? Buhun geron da kake ci ma ba a kariya ya iso Dawanau ba.

Injiniya Bichi ya rubuta:

Malam Na-Ɗorayi, hau titinka hankali kwance. Malam Sale, duk abin da ka lissafa kana biya gaskiya ne, sai dai ka duba inda kowanne ke zuwa. Inshora ta kamfanin inshora ce. Kuɗin ƙungiya na ƙungiya ne. Na ɗan kamasho na aljihunsa ne. Wanda ya shiga hannun gwamnati, wato na rajista da sabunta takardu, asusun kuɗin shiga na jiha yake faɗawa, wuri ɗaya da harajin da aka yanke a albashin Malam, da na mai shago, da kason da ke zuwa daga Abuja kowane wata. Daga nan ake biyan albashi, a sayi magani, a yi titi. Ba a rubuta wa kuɗin takardar motarka "na kwalta" ba. Kuma ko da an ware shi, ba zai je ko'ina ba in aka gwada shi da kuɗin gadar sama guda ɗaya. Manyan titunan tarayya kuwa daga kasafin ƙasa ake yin su, da bashi, da takardun bashi marasa kuɗin ruwa da ake kira Sukuk, waɗanda aka fara sayarwa a 2017. Bashin nan kowa ne zai biya, har jaririn da ba a yaye ba.

An sha gwada ɗora wa masu shan mai kuɗin titi kai tsaye a ƙasar nan. Wanda ya fi yin tasiri shi ne PTF, wato hukumar asusun rarar kuɗin man fetur. Abacha ya ƙara kuɗin mai a 1994, lita ta koma naira 11, aka ware rarar aka ba Buhari ya riƙe, kuma manyanmu har yau suna nuna titunan da aka gyara da kuɗin. Obasanjo ya rushe hukumar a 1999. Shi ne kuma ya sa aka rusa shingayen karɓar kuɗi a manyan hanyoyi wajen ƙarshen 2003, da niyyar maye su da harajin naira ɗaya da sule biyar a kan kowace lita, ƙungiyar ƙwadago ta ce ba ta san zancen ba, maganar ta mutu. A 2007 aka gyara dokar FERMA, hukumar gyaran titunan tarayya, aka sa kashi 5 cikin ɗari na kuɗin fetur da dizal don gyaran hanya, kashi 40 na abin da aka tara na FERMA, 60 na jihohi. Shekara da shekaru yana kan takarda ba a karɓa. Shi ne ya sake ɓullowa a sabuwar dokar haraji ta 2025 har aka yi ta cece-ku-ce.

Abin da ya faru a zahiri ma akasin zancen mai jif ne. A 2022 kaɗai tallafin mai ya ci sama da naira tiriliyan 4 daga dukiyar kowa da kowa. Wa ya fi shan sa? Wanda ya fi cika tanki. Tsoho mai keke a Ɓagwai ya samu ɗan abin da ya samu ta hanyar sauƙin kuɗin mota da na kaya, ban musa ba, amma mai jif biyu da janareto ya sha ninkin-ba-ninkinsa. Shekaru ana haka babu wanda ya sauke gilashi ya gode wa mai keke.

Sai kuma wa ke cinye titin. A ƙarshen shekarun 1950 an yi wani babban gwaji a jihar Ilinoyi ta Amurka, aka yi ta zagaya da motoci masu nauyi daban-daban a kan kwalta ana auna lalacewarta. Ƙa'idar da aka fitar, wadda har yau muke aiki da ita, ita ce ɓarna ba ta tafiya daidai da nauyi. In nauyin da ke kan layin tayoyi ɗaya ya ninka biyu, ɓarnar kusan sau 16 take ninkawa. In ya ninka goma, sau 10,000. Da wannan lissafin keke bai ma shiga sahu ba, kuma gaskiya ƙaramar mota ma kusan ba ta shiga. Bas ɗinka, Malam Sale, ɗan kaɗan ne nata. Masu yi wa titi illa su ne tirela da tanka da tifar yashi, balle in an yi musu lodin da ya wuce ƙa'ida, sai kuma ruwa in magudana ta toshe ya kwanta a ƙarƙashin kwalta. Ka duba hannun da manyan motoci ke bi a kan hanyar Zariya, za ka ga kwaltar ta lotsa ta yi kwari biyu daidai faɗin tayoyinsu. Duk kayan da ya kamata jirgin ƙasa ya ɗauka, siminti da mai da hatsi da shanu, a kan titi suke tafiya.

Inda zan goyi bayan Malam Sale ɗari bisa ɗari shi ne fitila da bin hannu. Wannan ba ya buƙatar haraji, doka ce ta hau kan kowa.

Baba Tsohon Akawu ya rubuta:

'Ya'yana, ku da kuke cewa mai keke ba ya biya, da can yana biya. Muna yara akwai lambar keke, ɗan ƙarfe ne ake ɗaura wa a jikin keken, kowace shekara a sake, kuma ɗan doka na iya tsayar da kai a bakin kasuwa ya duba. Har yanzu ma tsarin mulkin 1999, a jerin ayyukan ƙaramar hukuma, ya ba ta ikon yi wa kekuna da amalanke da baro da kwalekwale lasisi. Ikon yana nan, bin sa ne aka daina, ina jin don abin da za a tara bai kai wahalar tara shi ba.

A lokacin keke abin alfahari ne. Malamin makaranta da akawu da malamin gona duk a kan keken Raleigh suke, har masana'antarsa akwai a Bompai. Ango na yi masa ado da bununu da madubi biyu. Kuɗin mai na shekarun 1970 ne ya zo ya mayar da shi abin hawan wanda bai samu ba, kuma wannan rainin ne ya fito daga bakin mai jif, Malam. Da za ka nuna masa rasiɗin haraji a wurin, da sai ya samo wata maganar. Ko minista bai tsira ba: a 2001 Ojo Maduekwe yana ministan sufuri ya ce a koma hawan keke, ya hau nasa zuwa aiki a Abuja, bas ta ture shi cikin kwata, 'yan jarida suka samu abin dariya.

Maman Ilham, Manchesta, ta rubuta:

Malam, sannu da ƙoƙari. Na yi dariya da na karanta, domin wannan maganar ita direbobi ke jefa wa masu keke a nan Ingila, kalma da kalma. Nan ma ba ta da tushe. Sun taɓa samun asusun titi na musamman da ake tara kuɗin motoci a ciki, amma tun 1937 aka daina ware shi, kuɗin ya koma baitulmali. Abin da mai mota ke biya duk shekara, a 2001 aka ɗaura shi a kan yawan hayaƙin da motar ke fitarwa, har ya zama masu motar lantarki ba sa biyan komai sai a watan Afrilun 2025 da aka shigo da su. Ban taɓa jin an leƙo ta taga an ce wa mai motar lantarki ya sauka daga titi ba.

Abokin aikinka kuma ba shi ya fara zancen haki ba. A 2013 wani ɗan majalisar jihar Washinton a Amurka, Ed Orcutt, ya rubuta wa wani mai shagon kekuna cewa masu keke suna gurɓata iska saboda numfashinsu na ƙaruwa. Da aka yi masa ca sai ya ba da haƙuri. Iskar da mutum ke fitarwa daga abinci take, abincin kuma shuka ce da ta zuƙi iskar nan daga sama a daminar bara, zagayawa kawai take yi. Fetur kuwa abin da ke binne a ƙarƙashin ƙasa shekaru miliyoyi ne aka tono aka ƙona, ƙari ne a kan abin da ke sama. Lita ɗaya tana fitar da kusan kilo 2.3 na iskar kabon. Motar da ke cin lita biyu zuwa aiki da dawowa ta kusa kilo biyar ke nan a rana. Zancen taki da injin niƙa yana da ɗan gaskiya, kuma an lissafa shi: ƙungiyar masu keke ta Turai ta fitar da ƙiyasi a 2011 wanda ya haɗa da ƙera keken da ƙarin abincin mahayi, ya kama wajen giram 21 a kilomita, mota kuma wajen 270 ga kowane fasinja. Ko an ce masu keke ne suka yi lissafin a rage musu rabi, tazarar tana nan. Shi mai Golf ɗin ma ai ba azumi yake yi ba.

Amma ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma in na zo gida hutu ba ɗumamar duniya ke fara damuna ba. Afirka gaba ɗayanta ba ta wuce kashi 4 cikin ɗari na hayaƙin da duniya ke fitarwa ba. Abin da ke damuna shi ne wanda ake shaƙa a tsaye a danja, baƙin hayaƙin tsohuwar tifa da na janareto, a haɗa da ƙurar hunturu. Mai keke da ke haki a bayan salansar mota ya fi na cikin gilashi kwasa. Ka riƙa sa takunkumi lokacin hazo, kuma in da hali ka bar wa manyan motoci tazara a wurin tsayawa.

Malam Na-Ɗorayi ya rubuta:

Na gode ƙwarai. Injiniya, Allah ya ƙara ilimi, lissafin sau 16 ɗin nan gobe zai shiga allo, dama muna kan darasin lambobi masu hawa. Baba, Allah ya ƙara girma. Ni in ƙaramar hukuma za ta dawo da lambar keke zan biya, da sharaɗi guda: a kwashe yashin bakin titi, a rufe ramukan magudana da aka sace murafansu. Abin da nake nema bai kai kuɗin fentin gada ba.

Abin da ya tsaya mini a rai bayan karanta ku shi ne yadda ake kashe kuɗin da muka tara tare. An yi gadar sama a Ƙofar Nasarawa, an yi a Dangi, an yi a Hotoro, an haƙa ta ƙasa a Gadon Ƙaya da Kabuga. Ban ce ba su da amfani ba. Amma duk an zana su ne da mai mota a zuciya. Mai keke in ya iso bakin gadar ƙasa sai ya zaɓa: ya shiga rami tare da motocin da suka sako gudu, ko ya bi ta sama ya yi ta kutsawa tsakanin masu juyawa. Ɗalibaina da yawa a kan keke suke zuwa, wasu da ƙanensu a kariya, kuma iyayensu na biyan haraji a kasuwa kullum. Tun da aka hana acaɓa a farkon 2013 aka san cewa garin nan na iya sauya yadda ake zirga-zirga cikin dare ɗaya in an ga dama. Layi ɗaya mai faɗin taku biyu a gefen titin BUK, da ɗan dakali da zai hana adaidaita sahu mayar da shi tasha, bai fi ƙarfin kowa ba.

Malam Sale, ban ce a kawo gero daga Gumel a kariya ba, kuma bas ɗinka mai cike da mutane ta fi jif mai mutum ɗaya sau nawa. Rigimata da wanda zai tafi sayen burodi a bakin layi ne ya tayar da injin mai silinda shida, sannan ya ce na tare masa hanya.

Sale Mai Bas ya rubuta:

To Injiniya, na ji, kuɗina ba ya zuwa kwalta. Wannan ai ya ƙara mini ciwon kai ne, don yanzu sai in tambayi inda yake zuwa. Zancen tirela kuwa gaskiya ne, mu muke shan ramukan da suke bari, duk wata sai na ga mai gyaran sifirin.

Malam, layin da kake so ko an yi shi, sati guda masu kayan miya da masu lemo za su baza tire a kai, ka rubuta ka ajiye. Amma tunda yaran a hannunka suke, ka taimake mu da abu ɗaya. Ranar Litinin a wurin taron safe ka sa duk mai keke ya turo shi gaba a duba birki, wanda ba shi da abin ƙyalli a baya a liƙa masa. Masu kayan babur suna sayar da shi a nannaɗe, ana yanka wa mutum iya kuɗinsa, nannaɗi ɗaya zai ishi aji guda. In kuɗin ne matsala ka yi mini magana ta akwatin saƙo, ni zan sayi na farko.